Kafi ko ganuwar dutse: da me ya kamata a rufe gari a Age of Empires II?

Ɗan Gesse, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata a kan wasan kwamfuta na gina gari da yaƙi Age of Empires II ce, fitowar 2019 da ake kira Definitive Edition, karawar mutum biyu a taswirar Arabiya. Idan abokin karawa ya saba turo mahaya ko 'yan baka tun a zamani na biyu cikin zamani huɗu da ake hawa a wasan, da me ya fi dacewa a rufe gari? Kafin itace yana da araha amma kamar zana yake, dakaru huɗu ko biyar suna tsayawa a kansa sai ya faɗi. Ganuwar dutse kuma tana cinye dutsen nan 200 da ake farawa da shi, a shiga zamani na uku babu na gina komai. To wanne ake fara sawa, yaushe ake komawa ɗayan, kuma ma'aikata nawa ake turawa? Don Allah masana ku ba ni lissafi, ba “ya danganta” kawai ba.

Magini, Gusau

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A Arabiya, mutum biyu, amsar ita ce itace. Dutsenka na farko ba na ganuwa ba ne, kuma ga dalili.

Uwar gari, wato ginin da ke fitar da ma'aikata, kuɗinta itace 275 da dutse 100. Ke nan dutse 200 da ka farka da shi uwar gari biyu ne cif da zarar ka shiga zamani na uku. Idan ka zuba shi a ganuwa, taku ɗaya, wato murabba'i ɗaya na taswira, dutse 5 ne, taku 40 kawai zai ba ka, ko ƙofa ba ka sa ba, ita kuma dutse 30 ce. A ce zagayen garinka yana buƙatar taku 60. Da kafi itace 180 ne, tunda taku ɗaya itace 3. Da dutse kuwa 300, ya wuce abin da ke hannunka, sai ka gina rumbun haƙa na itace 100 ka cire mutane daga gona ko daji ka kai su dutse. Ka biya sau biyu ke nan, kuma a daidai lokacin da kowane ma'aikaci ke da aikin da ya fi wannan.

Akwai kuma lokaci. Taku ɗaya na kafi daƙiƙa 7 ne ga mutum ɗaya, na dutse daƙiƙa 10. Sannan ganuwar dutse ba ta buɗewa sai a zamani na biyu, kafi kuwa tun daga minti na farko kana iya kafa shi. Mahaya sukan iso wajen minti 11 ko 12 na agogon wasa. Wanda ya jira zamani na biyu kafin ya fara rufi da dutse, ranar tafiya yake fafe gora.

Amma ka yi gaskiya cewa kafi shi kaɗai ba ya tsayawa. Ransa, wato yawan dukan da yake iya sha kafin ya faɗi, 250 ne a zamani na biyu, a na farko ma bai kai haka ba. Shi ya sa ba a rufe gari da kafi zalla. Abin da ake yi haɗi ne, kuma ga yadda ake jera shi.

Da farko ka duba abin da taswira ta ba ka kyauta: kurmin itatuwa, tsaunin da ba a hawa, gefen taswira, tarin zinari da na dutse. Duk waɗannan bango ne da ba ka biya ba. Aikinka haɗa tsakaninsu.

Sai gine-ginen da dole ne ka gina su ko ana yaƙi ko ba a yi. Gida itace 25 ne, faɗinsa taku biyu, ransa 750 a zamani na biyu, kuma yana ƙara maka wurin mutum biyar. Tunda ko yaya za ka gina gidaje, me zai sa ka ɓoye su a bayan gari? Jera su a bakin gari ta inda ake shigowa. Haka bariki, barga da gidan 'yan baka, kowanne itace 175 da faɗin taku uku, maƙera itace 150 ita ma taku uku, kasuwa itace 175 da taku huɗu. Bariki da barga da maƙera da kasuwa kawai sun rufe maka taku 13, kuma dakaru ba sa rushe su da wuri. Gefen da ke fuskantar maƙiyi shi ake ba manyan gine-gine, baya da kusurwoyi su sami kafi.

Kafi aikinsa cike giɓi tsakanin waɗannan. Kuma idan aka taso wa wani taku nasa, ba a tsayawa gyara shi. Ana aza gida a bayansa ne, in an fasa kafin a tarar da gida, in an matsa wa gidan a sake aza wani a baya. Ma'aikaci ɗaya da itace 50 zai iya riƙe mahaya huɗu a waje har 'yan mashinka su fito. Wannan dabara ba ta aiki da 'yan baka, don za su harbe maginin ta saman bango, sai dai ka fito da naka sojan.

Game da yawan ma'aikata, akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Lokacin gini ba ya raguwa daidai da yawan magina. Lissafin shi ne: ninka lokacin asali sau uku, ka raba da yawan magina haɗe da biyu. Taku ɗaya na dutse mai daƙiƙa 10, in mutum biyu suka taru a kansa daƙiƙa 7 da rabi zai ɗauka. In ka raba su, ɗaya a wannan baki ɗaya a wancan, a daƙiƙa 10 sun gama taku biyu. Saboda haka a bango ana raba magina ne, ba a tara su. Mutum biyu sun isa, uku in garin a buɗe yake sosai, kowa da nasa yanki. Ka sayi saƙar nan ta zinari 50 a uwar gari, mai ƙara wa ma'aikata rai da sulke, kafin ka tura su, in ba haka ba kyarkeci ko ɗan leƙen asirin maƙiyi zai cinye maka su a hanya.

Abu na ƙarshe shi ne nisa. Ɗan baka yana harbi daga taku 4, da binciken maƙera na farko, wato ƙarin ƙarfi da ake saye a can, ya zama 5, a zamani na uku ya kai 7. In bangonka yana manne da masu saran itace ko masu haƙar zinari, ba ka kare su ba, maƙiyi zai tsaya a waje ya yi ta ɗauke su ɗai-ɗai. Ka bar taku shida ko bakwai tsakanin bango da wurin aiki duk inda ya yiwu. Inda bai yiwu ba, nan ne ake tunanin hasumiya.

Bakabe, Argungu

Malam Magini ya yi bayani mai kyau, amma kada Ɗan Gesse ya fita da tunanin cewa ganuwar dutse ɓarnar dukiya ce. Ga Arabiya da mutum biyu na yarda. Wajen wannan, lissahi ya canza.

Duba ƙarfin da kowane kuɗi ka saye. Kafi rai 250 kan itace 3. Ganuwar dutse wajen dubu ɗaya a zamani na biyu, 1800 a na uku, kan dutse 5. In anka yi binciken ƙarfafa ganuwa a jami'a, abinci 200 da itace 100, duk ganuwar da kag gina ta koma 3000 nan take, ba tare da ka ƙara dutse ko ɗaya ba. Ga sulke, wato abin da aka ragewa daga kowane duka: kafi 2 ga sara 5 ga kibiya, dutse 8 ga sara 10 ga kibiya, ƙarfafaffa 12 da 12. Barde mai sara 10 in ya tsaya ga kafi, ɗan lokaci kaɗan ya wuce. In ya tsaya ga dutse, sai ya gaji. To a zamani na uku, lokacin da barade sunka fara yawo, kafi ya gama aikinsa. Wanda ka son ci gaba da noma lafiya a bayan gari dole shi sa dutse.

Inda dutse ya fi itace tun farko shi ne inda mashiga ta yi ƙunci. A taswirar Baƙin Daji, hanyar da ke tsakaninka da maƙiyi wani lokaci ba ta wuce taku goma ba. Taku goma dutse 50 ne. Yi shi ruɓi biyu, 100. Wanga ba asara ba ne. A taswirar Arena kuwa da ganuwar dutse anka ba ka garin tun farko, aikinka kawai ka lura da inda anka fasa ka toshe. Haka wasan ƙungiya, huɗu da huɗu: mutanen gefe su haɗa bango tun daga bakin taswira, don in ayarin fatake ya fara tafiya tsakanin kasuwanni, mahaya goma da sunka kutsa sun isa su tsayar da zinarin ƙungiya duka.

Mu da muke ƙasar Kabi bai kamata a koya muna wannan ba. Surame, birnin da Kanta ya gina a ƙarni na 16, har yau kufansa da ganuwar dutse aka san shi, kuma ba zagaye ɗaya ba ne. Amma ba kowane ƙauye na lokacin ke da irin wagga ganuwa ba. Ƙananan garuruwa kafi sunka yi da sarƙaƙiya, birane su yi ganuwa da gwalalo. Dutse na wurin da in an ci shi an ci ƙasa ne. Haka nika kallon wasan: ba a zagaye komi da dutse, ana zaɓen wurin da ba a iya rasawa, galibi babban tarin zinari da gonaki, shi a ba shi dutse. Gwalalo dai babu shi a wanga wasa, mai son haƙa rami sai shi tai Stronghold Crusader.

Ruɓi biyu kuma akwai yadda aka yinsa. Kada ka manna bango na biyu ga na farko, don dutsen mangonal, keken jifan duwatsu, da na igwa suna fantsama, kuma rago mai girma, keken tunkuyar gini, yana taɓa gini na kusa da wanda yake tunkuya. Bar taku biyu ko uku tsakani. Wanda ya fasa na farko ya tsaya a fili ƙarƙashin kibiyarka yana fama da na biyu.

Sannan tudu. Mai harbi daga sama yana ƙara kashi 25 cikin ɗari, mai harbi daga ƙasa zuwa sama yana rage kashi 25. Wannan ya shafi gine-gine ma. In akwai tudu kusa da bakin gari, ja bangonka shi haɗa da shi ko da zai ƙara maka taku biyar. In ka bar shi waje, nan maƙiyi zai aza kasul ɗinsa, wato babban ginin tsaro mai harbin kibiya.

Ɗan Gesse, Birnin Kebbi

Allah ya saka da alheri, yayyena. Na fahimci batun gidaje da raba magina. Saura abu biyu. Idan za a haƙi dutse, hasumiya ta fi ko a daure a tara na kasul? Sannan idan raguna suka iso bakin ganuwa, kibiya ba ta yi musu komai, ko kasul ɗin ma sai ya tsaya yana kallonsu. A nan kayan ginin ne matsala ko wani abu ne daban?

Barden Jega

Ƙanena, tambayarka ta biyu ita ce ta fi muhimmanci, don ita ke nuna iyakar kowane bango. Ba kayan gini ba ne matsalar. Kowane irin bango akwai abin da aka ƙera don rushe shi, kuma ana zaɓar kayan gini ne gwargwadon abin da maƙiyi ke iya kawowa a wannan lokacin.

A zamani na farko da na biyu babu kayan rushe gini ga yawancin ƙabilu. Dakaru ne da mahaya da 'yan baka, sai hasumiyar da ake zuwa a gina maka a bakin gida. Shi ya sa itace ke isa. A zamani na uku ake buɗe gidan ƙera kayan rushe gini, itace 200. Rago itace 160 da zinari 75, mangonal itace 160 da zinari 135. Rago sulkensa na kibiya ya yi yawa har kusan kowace kibiya rai ɗaya take cire masa, amma ga sara ba shi da sulke ko kaɗan. Barade biyu ko dakaru kaɗan sun isa su farfasa shi, ko ma'aikata biyar ma in babu masu rakiya. Mangonal ɗinka a bayan ganuwa shi ma yana cin sa, kuma yana watsa 'yan bakan da ke bayansa. To ganuwar da ba ta da soja a bayanta, ko ta 3000 ce, ragon zai gama da ita, jinkiri kawai ta yi masa. Ka bar ƙofa kusa da inda kake tsammanin hari don barade su fita su dawo.

Dalilin da kasul ke tsayawa yana kallo kuwa, shi da hasumiya ba sa iya harbin wanda ya manne da gindinsu. Maganinsa binciken ramukan kisa a jami'a, wanda ke ba su damar harbin na gindinsu. Jami'ar itace 200 ce, kuma duk mai dogaro da kasul wannan ne binciken da zai fara yi, sai na saita harbi, mai itace 300 da zinari 175, wanda ke sa kibiya ta sami mai gudu. Amma ko da ramukan kisa, kibiya kibiya ce, rago ba ya jin ta. Amfaninsu ga dakarun da ke saran gindin ne.

Kuskuren da ake yawan yi a jami'a: mutum ya sayi binciken magina, abinci 150 da itace 175, yana zaton ganuwarsa ta ƙara ƙarfi. Wannan binciken na gidaje ne da kasul da hasumiya da sauran gine-gine, yana ƙara musu kashi 10 na rai da ɗan sulke, amma ba ya taɓa ganuwa da ƙofa. Ita ganuwa binciken da Malam Bakabe ya ambata ne nata. In bangonka gidaje ne da bariki, binciken magina ya yi maka rana. In dutse ne, ɗayan za ka saya.

Hasumiya ko kasul. Hasumiya dutse 125 ce da ɗan itace, tana ɗaukar mutum biyar. Kasul dutse 650, rai 4800, yana ɗaukar mutum 20, yana fitar da sojan ƙabilarka na musamman, kuma shi ne ke ba ka majaujawa, babbar na'urar jifan gini daga nesa, a zamani na huɗu. Hasumiya biyar kusan kuɗin kasul ɗaya ne, kuma ba su kai shi ba ko kusa. Hasumiya ana gina ta ne don larura guda: 'yan baka sun tare maka zinari ko daji a zamani na biyu kuma ba ka da sojan kora. Ɗaya tak, a jikin wurin aikin, yadda ma'aikata za su shige ciki su ƙara mata kibiya. Ka sani dai kana gina ta dutsenka ya koma 75, uwar gari ko ɗaya ba za ka iya ƙarawa ba sai ka haƙo 25. Ka kewaye gindinta da kafi ko gida don kada a sare ta.

In kasul kake so, ka fara haƙa tun kana kan hanyar zamani na uku. Ma'aikaci yana kawo dutse wajen 20 a minti. Mutum biyar 100 a minti ke nan, in 200 ɗinka na nan, minti huɗu da rabi ka cika 650. Ginin kansa daƙiƙa 200 ne ga mutum ɗaya, da lissafin Malam Magini mutum huɗu daƙiƙa 100, mutum goma daƙiƙa 50. A nan kam ana tara magina, sabanin bango, don harsashin da bai kammala ba ba ya harbi kuma yana saurin rushewa. Kasul da aka tura wa mutum uku a gaban 'yan bakan maƙiyi galibi ba ya tashi.

A zamani na huɗu labari ya ƙare ga bango. Majaujawa itace 200 da zinari 200, tana jifa daga taku 16. Igwa daga taku 12. Kasul kibiyarsa taku 8, da binciken maƙera uku ya kai 11. Ba ya kai wa majaujawa, ba ya kai wa igwa. Abin da ke riƙe shi gyara ne, kuma gyara dutse yake ci, rabin kuɗin ginin in daga tushe ne, wato kasul ɗaya dutse 325. Wanda ya kashe dutsensa duka a dogayen ganuwa, ranar da majaujawa ta tsaya a kan kasul ɗinsa zai ga ma'aikata goma tsaye da guduma ba sa gyara komai. Kada taskar dutse ta sauka ƙasa da 200 in kana da kasul a gaba.

Hajiyar Yauri

Sannunku malamai. Akwai abin da ba a taɓo ba, wato ƙabilar da mutum ya ɗauka, kuma yana rushe wasu daga cikin shawarwarin nan.

Hunawa ba sa gina gida kwata-kwata, saboda haka dabarar jera gidaje ba tasu ba ce, sai kafi da manyan gine-gine. Gotawa da Kumanawa ba su da ganuwar dutse, tambayar ma ba ta taso musu ba, sai dai kafin Kumanawa ya fi na yawancin ƙabilu rai. Mutanen Mali, da aka ƙara tare da Habashawa da Berbawa a 2015, gine-ginensu suna rage kashi 15 na itace, to bangon gidaje da bariki ya fi musu sauƙi. Mutanen Maya suna rage wa duk ƙungiyarsu rabin kuɗin bango, in akwai su a ɓangarenku dutse ya zama abin sawa da wuri. Inkawa suna rage kashi 15 na dutse a gini. Rumawan Bizantiya gininsu na ƙara rai kowane zamani, daga kashi 10 har 40. Koriyawa sun fi saurin haƙar dutse da kashi 20, Sifaniyawa sun fi saurin gini da kashi 30, Tutonawa kuma ramukan kisa kyauta suke samu.

Ka kuma duba ƙabilar maƙiyi, ba taka kaɗai ba. Kumanawa suna iya kawo rago tun a zamani na biyu. Mahayan Hunawa na kasul masu wutar hannu an yi su ne don cin gini. Gotawa kuma dakarunsu na musamman kibiyar kasul ba ta cika damunsu ba.

Sai kasuwa. Dutse shi ne mafi tsada a cikinta: a farkon wasa 100 ana saye zinari 169, ana sayarwa 91, alhali itace da abinci 130 da 70 ne. Farashin na kowa ne, duk wanda ya saya ya hau wa kowa. Cike giɓin 100 don kasul ya tashi da wuri babu laifi, amma sayen dutsen ganuwa a kasuwa ɓarna ce. Kuma dutse yana ƙarewa. Kowane tulin dutse 350 ne, na zinari 800, kuma tulin da ake ba mutum a Arabiya kaɗan ne, bai fi na kasul huɗu zuwa biyar ba in an haɗa duka. Itace kuwa daji na nan, zinari ana samunsa ta fatauci. Dutse in ya ƙare sai kasuwa.

Ni a ganina abin da ya fi kashe mutane ba zaɓin kaya ba ne, rami ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wurare uku ake samun sa: kusurwar da gini ya haɗu da itace a karkace, gefen tudu inda ido ke ruɗuwa, da kurmin da masu saranka suka cinye har suka huda shi da kansu. Gwajin mai sauƙi ne. Ka kulle ƙofofi, ka ɗauki ma'aikaci ɗaya a ciki, ka umarce shi ya je wani wuri a waje. In ya kama hanya kai tsaye, bi shi, zai kai ka ramin. In ya je jikin bango ya tsaya, gari ya rufu. Ka maimaita bayan kowane minti biyar ko shida saboda masu sara. Kurmin da kaurinsa bai wuce itace biyu ko uku ba, kada ka sa rumbun itace a jikinsa in shi ne bangonka.

Magini, Gusau

Hajiya ta kawo batun kulle ƙofa, bari in ƙara a kai. Ƙofa tana buɗewa da kanta duk lokacin da naka ko na ƙawayenka ya zo wucewa, kuma muddin akwai wani a bakinta ba ta rufewa. Ma'aikaci ɗaya da ya fita neman itace ya isa ya shigo da barade ashirin. In ana kai hari a kulle ta, in za a fita a buɗe. Ta dutse ginin ta ya fi na bango jinkiri sosai, saboda haka ba a fara ta a gaban maƙiyi, a toshe da bango tukuna, daga baya a aza ta a kai. Ta kafi itace 30 ce kuma ita ce wuri mafi rauni a duk zagayen, a sa ta a baya, kusa da uwar gari inda kibiya ke kaiwa, wato cikin taku shida.

Malam Bakabe, na yarda da kai a Baƙin Daji, amma ka gaya masa cewa a fitowar 2019 babban mangonal na zamani na huɗu yana sare itatuwa. A tsohon wasan na 1999 sai mafi girmansu ke yin haka. To mai ruɓi uku a mashiga yana iya waiwayowa ya ga an buɗe sabuwar hanya ta cikin kurmi. Maganin shi ne wurin tsaro na leƙe, itace 25 da dutse 5, a jera su a gefen dajin, da binciken tsaron gari na abinci 75 da ke ƙara wa gine-gine nisan gani. Haka hasumiyar tsallake tana sauke dakaru ta saman bango ba tare da ta fasa shi ba.

Ɗan Gesse, kuɗaɗen nan suna ɗan motsawa in an sabunta wasan, kafi ma da itace 2 ne kafin ya koma 3, to ka ɗora manuni a kan alamar ginin ka tabbatar kafin ka yi lissafi. Sannan dabarar aza harsashi a gaban mahayi yana tahowa, wadda ake gani wurin ƙwararru, tana son intanet mai sauri. Da irin sabis ɗinmu na nan, umarni kan makara da rabin daƙiƙa, kuma ya isa doki ya tsaya a kan takun har ginin ya ƙi azuwa. Ka tura maginanka biyu tun kana danna shiga zamani na biyu, su fara da gefen daji da na zinari, baya ya zo ƙarshe.